Fom ɗin OBQ11 na Turkanci: na yi aiki da shi, ga abin da na gani

Jama'a wannan fom ɗin na OBQ11, mai tambayoyi 11 da ake auna daidaiton ayyukan mutum na yau da kullum da shi, yana da kyau, zan faɗa tun daga farko don kada wani ya karanta ƙorafin da zan yi a ƙasa ya ɗauka kushe shi na zo yi. Gajere ne, shafi ɗaya, ba ya gajiyar da mara lafiya, kuma an yi masa aikin gwaji na gaskiya kafin a sake shi. Amma lambar da yake ba ka a ƙarshe, wannan makin da ake tarawa, in ka riƙe shi shi kaɗai ka rubuta a fayil ka tafi, wallahi akwai ranar da zai yaudare ka, musamman a wajen matan Turkiyya masu ɗan shekaru.

Ga waɗanda ba su san inda na dosa ba, ni ɗalibar ergoterapi ce a nan Turkiyya, haka suke kiran sana'ar, wato aikin taimaka wa mutum ya koma harkokinsa na yau da kullum bayan ciwo ko naƙasa ko matsalar ƙwaƙwalwa, daga sa riga da girki har komawa wajen aiki. Kwas ɗin ma bai tsufa ba a ƙasar, jami'ar Hacettepe da ke Ankara ce ta fara buɗe sashen a 2009, shi ya sa yawancin kayan aunawar da muke amfani da su daga waje aka ɗauko aka fassara. Wannan na OBQ11 yana cikin waɗanda za ka ta cin karo da su, a aji, a wajen koyon aiki, a kundin kammala digiri na kusan duk wanda ya taɓo maganar gajiya ko masu jinya ko ɗalibai. A nan za ka ji ana ce masa Aktivite-Rol Dengesi Anketi.

Asalinsa daga Suwidin ya fito. Wasu mata biyu masu bincike, Petra Wagman ta jami'ar Jönköping da Carita Håkansson ta jami'ar Lund, su suka fitar da shi a 2014 da tambayoyi 13. Abin da suke son aunawa shi ne yadda mutum shi da kansa yake ji game da ayyukan da suka cika masa rana, shin yawansu ya yi masa daidai, kuma shin akwai sirki a cikinsu ko abu ɗaya ne ya danne komai. Daga baya suka sake tace shi tare da Peter Hagell ta hanyar lissafin Rasch, wata dabarar ƙididdiga ta gwada ingancin tambayoyi, aka cire tambayoyi biyu, ta ko ayyukanka suna da ma'ana a wajenka da ta daidaito tsakanin abin da kake yi kai kaɗai da wanda kake yi da mutane, aka bar 11, aka kuma rage zaɓin amsa daga shida zuwa huɗu. Kowace tambaya daga 0 zuwa 3 take, 0 sam ban yarda ba, 3 na yarda ɗari bisa ɗari, in ka tara duka makin yana tsakanin 0 da 33, yawan maki yawan daidaito. Na Turkancin Ayla Günal da Serkan Pekçetin da abokan aikinsu ne suka yi, ya fito a 2020 a mujallar masu wannan sana'a ta ƙasashen Sikandinebiya, kuma abin da ya burge ni su Wagman da Håkansson ɗin suna cikin marubutan, ba wai an ɗauki kayan mutane an juya a bayan idonsu ba.

Tambayoyin kansu ba wani abin tsoro ba ne. Ana tambayarka ko kana da isasshen abin yi a mako na yau da kullum, ko akwai daidaito tsakanin abin da kake wa wasu da wanda kake wa kanka, ko kana samun yin abin da ranka yake so, ko aiki da gida da iyali da shaƙatawa da hutu da barci kowa yana samun rabonsa, ko lokaci yana isarka ga abin da ya zama dole, ko abubuwan da suke ƙara maka ƙarfi sun yi daidai da masu zuƙe maka shi, sai ta ƙarshe a kan hutu da barci. Mutum mai karatu cikin 'yan mintoci ya gama, ko shayin da aka kawo masa bai huce ba.

To yanzu maganar fassara da gwaji, don nan ne mutane da yawa suke raina aikin, wai ai kawai juya tambaya goma sha ɗaya ne zuwa wani yare, ko waya ma za ta yi maka. A'a fa. Hanyar da aka saba bi, wadda wasu masu bincike, su Beaton, suka tsara a 2000 kuma kusan kowa a nan ita yake ambata, sai an samu mutum biyu 'yan asalin yaren da za a juya fom ɗin zuwa cikinsa kowa ya fassara nasa daban, ɗaya ya san fannin ɗaya bai sani ba, a haɗa biyun a fitar da guda, sannan a ba wasu daban waɗanda ba su taɓa ganin na asalin ba su mayar da shi yaren farko, a zauna da kwamiti a duba ina ma'ana ta zame, sannan a kai wa mutum 30 zuwa 40 su cika ana tambayarsu me ka fahimta da wannan, me ya sa ka zaɓi wannan amsar. Duk wannan fa ba a fara gwajin lissafi ba tukuna. Sai bayan nan a raba wa jama'a, a sake ba wasu daga cikinsu karo na biyu bayan ɗan lokaci a ga ko amsa za ta tsaya ko za ta yi ta yawo. Abin kamar mudu ne, mudun wata kasuwa ba lallai ya zo daidai da na wata ba ko da sunan ɗaya ne, sai an zuba an gani.

Na Turkancin ya ci wannan jarabawar. Ma'aunin Cronbach, wanda yake nuna ko tambayoyin suna tafiya tare wajen auna abu guda, ya ba da 0.785, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce daga 0.70 zuwa sama ya wadatar. Na maimaici, wato cikawa sau biyu, ya ba da 0.922, wannan kam ya yi kyau sosai. Ma'anarsa in rayuwar mutum ba ta canja ba, makinsa ma ba zai yi tsalle haka kawai ba, don haka in ka yi wa mutum aiki na wasu watanni ka ga makin ya motsa, kana da hujjar cewa wani abu ya faru. A wajena wannan shi ne babban amfaninsa, auna mutum da kansa, jiya da yau.

Kuma gaskiya Turkancin da ke ciki yana karantuwa. Ni da na koyi yaren da girmana a shekarar share fage ban sha wuya ba, su ma marasa lafiya ban cika ganin wanda ya tsaya yana cewa me wannan kalmar take nufi ba. Akwai wasu fom ɗin da za ka karanta ka ji ƙamshin Turanci yana tashi a kowane layi, jimla ta yi tsawo ta naɗe har ka manta farkonta, wannan ba haka yake ba.

Inda matsalar take ba a yaren ba ne.

A cibiyar da na yi koyon aiki, irin cibiyoyin nan na gyaran yara masu buƙata ta musamman da suka cika garuruwan Turkiyya, iyaye mata ne suke kawo yaran su zauna a baranda suna jira a gama. Malamarmu ta ce mu riƙa ba su fom ɗin. Akwai wata baiwar Allah, za ta yi shekara hamsin da wani abu, jikanta take kawowa mai ciwon shanyewar ƙwaƙwalwa saboda uwar yaron tana aiki a masaƙa. Ita take ɗaukarsa daga hawa na huɗu ba lifta, ita take dafa abincin gidan, ga mijinta mai ciwon suga, ga surukarta tsohuwa tukuf a ɗaki ɗaya da ba ta iya tashi. Hannunta na kalla lokacin da ta karɓi biron, yatsun sun kumbura sun ɗan karkace, zoben ya nutse cikin nama, ta ajiye jakar yaron a cinya ta ɗora takardar a kai tana bin layi da yatsa tana motsa baki. Duk ta bi ta zaɓi na yarda, na yarda, na yarda. Da muka zo ta barci na ce inna, awa nawa kike samu da dare? Ta ce 'yata wa yake ƙirgawa, in yaron ya yi barci na yi, in tsohuwa ta kira na tashi, mun gode Allah, akwai waɗanda ba su kai mu ba. Makinta ya fi nawa ni kaina. Ni da ba ni da miji ba ni da ɗa, abin da ya dame ni jarabawa da kuɗin haya.

Ba ƙarya ta yi ba fa, kada a fahimce ni a karkace. Fom ɗin cewa ya yi yaya kike ji, ita kuma a tarbiyyar da ta tashi, mace ta zauna gaban baƙuwar yarinya ta sa hannu a takarda cewa ban gamsu da rayuwata ba, wannan butulci ne ga Ubangiji kuma tonon asirin gida ne. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san wannan amsar, ka je gaida mara lafiya yana nishi da ƙyar ka ce ya jiki ya ce da sauƙi. To ita ce dai a nan ma. Fom ɗin an gina shi a kan cewa mutum zai tsaya ya dubi kansa ya auna ya faɗa ba kunya, kuma a inda aka ƙirƙire shi hakan ba abin mamaki ba ne. Lissafin Cronbach ba zai kama wannan ba, na maimaici ma ba zai kama ba, don in ka dawo mata bayan sati biyu haka za ta sake cewa mun gode Allah, lambar ta fito tsaf, kowa ya tafa.

Ku duba bambancin ƙasashen biyu ma. A Suwidin makon aiki awa 40 ne, hutun shekara aƙalla kwana 25 a doka, hutun haihuwa kwana 480 da uwa da uba suke rabawa. A Turkiyya dokar ƙwadago ta 2003 ta sa awa 45 a mako, wanda ya yi shekara ɗaya zuwa biyar a wajen aiki hutunsa kwana 14, kuma duk wanda ya zauna a nan ya san mai shago da mai gidan abinci da tela ba ruwansu da wannan lissafin, Asabar ma aiki ce, wani har Lahadi. Binciken hukumar ƙididdiga ta ƙasar, TÜİK, na yadda ake kashe lokaci a 2014 zuwa 2015 ya nuna mace tana ba aikin gida da kula da iyali awa 4 da minti 17 a rana, namiji minti 51. To in wadda take cikin wannan ta ce maka ta gamsu, gamsuwar da me take auna ta? Da abin da ta ga uwarta ta yi. Shi ya sa ni ba na yarda in ga an jera makin 'yan Turkiyya kusa da na 'yan Suwidin ana cewa waɗannan sun fi waɗancan daidaito, wannan kwatancen bai tsaya da ƙafarsa ba.

Sai tambayar nan ta abin da kake wa wasu da abin da kake wa kanka. A takarda a fili take. A baki kuma sai ka ga mutum ya tsaya. Wata ta ce min to in na dafa wa 'ya'yana abinci wa na yi wa, ai kaina na yi wa. Ziyarar dangi ranar Lahadi, zuwa gaisuwar rasuwa, karɓar baƙi da shayi da kayan maƙulashe har sha ɗayan dare wanda a nan ba a wasa da shi, dole ne ko ganin dama? Hutu ne ko aiki? Ga mai gidan da yake zaune a falo hutu ne, ga wadda take kai da kawo tsakanin kicin da falo da tire a hannu wani abu ne daban, amma in ka tambaye ta ita ma za ta ce ai daɗi ne, gida ba baƙo ba gida ba ne. Kuma ibada fa? An lissafa aiki, gida, iyali, shaƙatawa, hutu, barci, babu inda sallah ta shiga, alhali ga dattawa da yawa a Anatoliya, wato ɓangaren Turkiyya da ke Asiya, ranar gaba ɗaya a kan salloli biyar take rataye, daga masallaci zuwa gidan shayi zuwa masallaci. Wani ya sa ta a dole, wani ya sa ta a abin da ke ƙara masa ƙarfi, wani bai ƙirga ta ba sam don a ganinsa ba ta cikin abin da likita zai tambaya. Ban ce masu fassarar sun yi laifi ba, ba su da ikon ƙara tambaya, in sun ƙara ya tashi daga OBQ11 ya zama wani abu. Amma mai amfani da shi ya sani.

Wani abin kuma, kuma wannan ba na Turkiyya kaɗai ba ne, haka fom ɗin yake ko a ina: ƙaramin maki ba ya gaya maka ta wane ɓangare jirgin ya karkata. Na ga wani dattijo da ya yi ritaya daga tuƙin bas, bugun jini ya taɓa masa hannun hagu, 'ya'yan duk sun koma Istanbul, daga talabijin sai taga. Makinsa ƙasa sosai. A satin na ga wata ma'aikaciyar jinya mai aikin dare da yara biyu ƙanana, makinta kusan ɗaya da nasa. Shi rashin abin yi ne yake cinsa, ita yawan abin yi. In lambar kawai ka kalla sai ka rubuta musu magani iri ɗaya, alhali shi nema masa za a yi, ita rage mata za a yi. Sai ka koma kan tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, musamman ta farko da ta yawan ayyuka a mako, ka ce baba da ka ce ba ka yarda ba, yawa suka yi ko kaɗan? Nan take zai buɗe baki. Wannan dattijon sai da ya ba ni labarin hanyar da ya yi shekaru yana bi, tasha bayan tasha, har da inda yake tsayawa cin miyar safe, daga nan muka gano abin da yake kewa ba tuƙin ba ne, mutane ne, a gaishe shi ya gaisar.

Kuma babu wani layi da aka ja aka ce daga maki kaza zuwa ƙasa mutum yana cikin matsala. Na ga ɗalibai suna ƙirƙiro nasu, su raba 33 gida uku su ce ƙasa, tsakiya, sama, su sa a kundi kamar wani ne ya tabbatar. Don Allah a daina. Ba ma'aunin gano cuta ba ne, ba zai ce maka wannan tana da ciwon damuwa ba, in kana zargin haka akwai nasa fom ɗin daban kuma akwai likitansa.

Rashin zaɓin tsakiya kuma ni ina so. Huɗu ne, ko ka karkata nan ko can. Mutanen nan suna da son cewa eh to, ba laifi, ana lallaɓawa, in da an ba su gurbin tsakiya da rabin takardun a nan za su ƙare. Wasu suna ɗan ɓata rai, wata ta ce min ita tsakanin biyu da ɗaya take, ta ɗiga alamar a kan layin da ya raba su, sai da na lallaɓa ta.

Kalmar mako na yau da kullum ita ma tana da nata. Ma'aikacin gwamnati ya san makonsa. Amma je ka yankin Baƙin Teku, Ordu da Giresun a watan Agusta lokacin tsinkar hazelnut, wani ɗan itace mai kama da gyaɗa, ko Rize lokacin yankan ganyen shayi, gida gaba ɗaya a gona yake daga asuba, wata biyu bayan nan kuma zaman ya dawo. Wanne ne na yau da kullum? Haka watan azumi, barci ya juye, girki ya ninka. Haka ɗan ajin ƙarshe na sakandare mai shirin jarabawar shiga jami'a ta YKS, shekara guda ba shi da wata rayuwa sai littafi. Ballantana waɗanda girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023 ta raba da gidajensu a Kahramanmaraş da Hatay da sauran garuruwan, aka zauna a gidajen kwantena, a ce musu mako na yau da kullum sai su tambaye ka wanne, na da ko na yanzu. Abin da nake yi yanzu ina rubuta wata da yanayin da aka cika a saman takardar da fensir, in zan maimaita kuma ina ƙoƙarin kada ɗaya ya faɗo a azumi ɗaya a waje.

Sannan ba duk wanda ke Turkiyya ne Turkanci ya zama yaren uwarsa ba. Akwai tsofaffin mata Kurdawa da Turkancinsu na kasuwa ne, akwai 'yan Siriya da yawa, akwai mu ɗaliban Afirka. An gwada fom ɗin a kan masu Turkanci ne, in ka sa ɗan mara lafiya ya tsaya yana fassara wa uwarsa da baki a tsaye, abin da ka samo hira ce, tana da amfani, amma kada ka tara makin ka zuba cikin lissafin bincike. Ko karantawa da baki ga wanda ido ya yi rauni yana canja amsa, don yanzu kai yake ba amsa ba takarda ba. In kuma suruka ko miji yana zaune a gefe, ka ma ajiye biron, ka nemi dabarar da za ka raba su, ni nakan ce ana neman sa hannu a ofis.

In za a kwatanta da sauran kayan da ke hannu, akwai na Kathleen Matuska ta Amurka mai jera ayyuka 53, yana ba da bayani dalla-dalla amma kafin mai jinya ta gama an fito da yaronta. Akwai COPM na Kanada, wanda hira ce ake yi mutum ya zaɓi abubuwan da suka fi damunsa ya ba kansa maki daga 1 zuwa 10, shi ma akwai na Turkanci, ya fi zurfi nesa ba kusa ba amma yana cin lokaci kuma yana son wanda ya ƙware. OBQ11 shi ne na baranda, na layin jira, na binciken da za a tura wa mutum ɗari uku ta waya, shi ya sa lokacin korona da aka kulle mutane a gida, har aka hana 'yan shekara 65 zuwa sama fita tun daga Maris ɗin 2020, masu bincike suka yi ta amfani da irinsa. Abin da na ga ya fi aiki shi ne a haɗa shi da takarda fara guda ɗaya, ka ce inna faɗa min jiya, daga tashinki har kwanciya, kana rubuta awa da abin da aka yi. Minti goma ne. Sai ka ajiye biyun gefe da gefe, ga abin da ta ce tana ji, ga abin da ranar ta ƙunsa. In sun yi hannun riga, to aikinka a tsakaninsu yake. Ita baiwar Allah mai jikan nan da muka yi haka, ta kalli takardar ta yi shiru ta yi dariya ta ce kai, ashe ban zauna ba jiya. Daga nan ne ta yarda a yi maganar ko ɗanta zai riƙa sauko da yaron kafin ya fita aiki.

In maki zan ba shi, huɗu cikin biyar a matsayin abin buɗe hira da bin sawun mutum ɗaya, biyu cikin biyar in za a riƙe lambar ita kaɗai a yanke hukunci.

'Yan uwa ɗalibai da ke nan masu shirin sa shi a kundinsu, ku tura wa waɗanda suka fassara saƙon neman izini tun da wuri ku adana amsar, kwamitin ɗa'a na jami'a zai nema kafin ya sa hannu, kuma ku tabbata mai tambaya 11 ne a hannunku ba tsohon mai 13 ba, don duka biyun suna yawo a gurup-gurup ɗin ɗalibai an yi musu fotokwafi har sun dushe, wani ma an sake buga shi da kuskure. Ku ƙirga tambayoyin, ku ƙirga zaɓin amsa, huɗu ne. Masu tambayata ko za a iya yin na Hausa kuma, me zai hana, ai 'yan fisiyo na Kano, wato masu gashin ƙashi da motsa gaɓɓai, sun riga sun nuna hanya, sun mayar da fom ɗin ciwon baya na Oswestry zuwa Hausa sun gwada shi ya fito a mujallar Spine a 2019. Sai dai duk wanda zai ɗauki wannan ya ba matakin nan na zama da mutum 30 zuwa 40 lokaci sosai, ya sa matan aure da tsofaffi da waɗanda ba su yi boko ba a ciki, kada ya tsaya kan 'yan ajinsu don sun fi sauƙin samu, kuma mace ce za ta yi wa mata tambayoyin, a ɗaki, ba a tsakar gida ba.